Koriyar Leda Mai Narkewa

Mahauci bai yarda da koriyar ledar nan ba tun ranar da ƙanensa ya dire masa ƙunshinta a kan teburin nama. Shekara ashirin yana farke tumbin dabbobi, babu irin ledar da bai zaro ba, wata a dunƙule kamar ƙwallon tsumma. Saboda haka da hukuma ta hana leda bai yi ƙorafi ba. Abin da ya maye gurbinta ne ya ishe shi. Takardar naɗe nama, kafin mai saye ya kai bakin titi jini ya huda ta. Jakar yadi kuwa kullum sai ta ci sabulu da bokitin ruwa, in ba haka ba ƙudaje su raka mutum har gida.

Ana cikin haka sai ga ƙanen nasa, wanda mahauta ke kira Manaja don ba ya rabuwa da jakar hannu, ya zama dillalin wata sabuwar leda.

"Yaya, wannan ba irin waccan ba ce," in ji Manaja. "Da sitacin masara aka yi ta. Narkewa take yi."

"A ina take narkewar?"

"Narkewa dai! Ga shi nan a rubuce da manyan baƙaƙe."

Mahauci ya murza ta, ya shinshina, ya ji ƙamshi-ƙamshin jiƙaƙƙen gari. Ya ja ta, ta miƙe sak irin ta da. Ya san ƙanensa, tun yana yaro bakinsa ya fi hannunsa aiki. Ya cusa guda a aljihu, da ya koma gida ya binne ta a wani tsohon bokiti cike da ƙasa, ya tura shi bayan banɗaki, kullum da safe yana zuba mata ruwa da buta.

Bayan wata guda ya tona, tana nan garau. Bayan wata biyu ko launinta bai dusashe ba. Daɗi ya kama shi. Amma ya san Manaja zai ce ai ba ta jima ba, don haka ya ƙudura sai ta cika wata uku cur, sannan ya kife bokitin a gaban mahauta kowa ya gani. Ko matarsa bai gaya wa ba, kada magana ta fita ƙanen ya shirya amsa.

A gidan akwai mahaifiyarsu, Inna, da jar akuyarta da take kira Ƙawata. Tun da mahaifinsu ya rasu, da akuyar nan take hira. In Inna ta yi tari akuyar sai ta ɗago kai, in akuyar ta ƙi cin abinci Inna ma ba ta ci.

A 'yan kwanakin nan akuyar ta fara ramewa, cikinta kuma yana kumbura. Inna na ta murna wai tagwaye ne. Mahauci ya tsuguna ya danna gefen cikin na hagu. Hannunsa ya san wannan taurin. To amma daga ina? Akuyar ba ta fita. Ya zargi maƙwabta da jefo shara ta katanga, ya zargi matarsa da barin ƙofa a buɗe, har sai da suka yi kwana biyu ba sa magana.

Rana ta uku ya dawo da wuri, ya tarar da Inna a kan kujerar tsuguno tana miƙa wa akuyar ɓawon dankali a cikin koriyar leda. Akuyar ta cinye ɓawon, ta bi ledar da taunawa, Inna na shafa mata wuya.

"Inna! Me kike ba ta haka?"

"Ƙanenka ya ce narkewa take yi. Abinci ma ba narkewa yake yi a ciki ba? Ai ta fi son ledar ma a kan ɓawon."

Kwana huɗu bayan nan akuyar ta kwanta ta kasa tashi. Dole aka sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. Inna ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai da ta ji shiru. Mahauci ya aika aka kira Manaja, ya farke tumbin a gabansa. Babu tagwaye, sai wani koren dunƙule mai wari. Ya warware leda guda, ya ɗauraye ta, ya miƙa masa.

"Karanta min. Ba manyan ba, ƙananan na ƙasa."

Manaja ya matso da ita kusa da ido, ya karanta. "Tana narkewa a injin sarrafa taki, cikin zafi mai tsanani."

"Ina injin yake?"

"Sun ce za a kawo."

"Kafin yau ka taɓa karanta layin nan?"

Manaja ya sunkuyar da kai. Ko ya karanta ya ɓoye, ko bai ma duba ba, Mahauci ya kasa ganewa, wannan kuma ya ƙara tunzura shi. Ya zagaya bayan banɗaki ya kinkimo bokitin, ya kife shi a tsakar gida. Koriyar ledar ta fito daga cikin laka, rubutunta raɗau.

"Gani ya kori ji! Wata biyu da rabi tana cikin ƙasa ina ba ta ruwa. Tun watan farko na san ƙarya ce!"

Ya juya yana jiran Inna ta rufe ƙanen da faɗa. Amma ba Manaja take kallo ba. Igiyar akuyar na hannunta, tana naɗe ta a yatsa.

"Tun watan farko ka sani?" ta ce a hankali. "Kullum da safe kana wuce mu da buta, ni da ita, kana gaishe ni?"

Inna ta rataye igiyar a ƙusar da ta saba, ta koma ɗaki ta saki labule.