Ƙararrawar Kofur Armaya'u

Armaya'u ya karyo lungun mahauta yana kaɗa ƙararrawar kekensa, alhali ko akuya babu a gabansa. Matan da ke tuyar ƙosai suka kwashe da dariya.

"Kofur, tun daga Dogon Daji muka jin ka," in ji ɗayarsu. "Sai ka ce kai ɗai anka ba keke garin ga."

"Ke dai juya ƙosanki, shina ƙonewa," ya ce, ya wuce.

Masinjan ofishin hakimi ne a Tambuwal tun dawowarsa daga yaƙin Bama. A lokacin, keken En'e, wato na hukuma, ba abin wasa ba ne, wanda ya hau shi har gaisuwarsa dabam. Shi ke kai saƙo Jabo, shi ke kaiwa Kebbe. Abin da garin bai sani ba, yanar ido ta ci ƙarfinsa. Haske da inuwa kawai suka rage masa, kuma ranar da aka gane, keke ya tafi, aiki ya bi shi.

Dabarar kuwa a jirgin ruwan da ya kai su yaƙi ya tsince ta. Wani ma'aikacin jirgin ya nuna masa yadda suke aika ƙara ƙarƙashin teku, ta bugi ƙasa ta dawo, su san zurfi. Ya ce haka jemage ke yi, wani siririn kuka yake yi da kunnen mutum ba ya kamawa, kukan ya bugi bango ko ƙwaro ya komo masa. Armaya'u ya ɗauke ta tatsuniyar Turawa, sai da idonsa ya fara hazo ya tuna. Ya gwada da ƙararrawa. Katangar laka takan amsa nan take. Bakin lungu yakan haɗiye ƙarar. Zauren hakimi kuwa gunji yake kamar tulu. A hanyar daji sawun jakuna ke jansa, a cikin gari kunne ke tuƙi.

Ranar jajibirin bikin 'yancin kai ce. Bai san tun hantsi an kafa rumfa a filin ƙofar hakimi ba, an ja farin yadi da kore daga wannan dirka zuwa waccan. Ya fito fili, ranar la'asar a fuskarsa. Ya kaɗa, bai ji abin da ya dawo ba, ya ce fili ne kamar kullum, ya ƙara taka feda. Ashe yadi ba ya amsawa.

Dirka ta karye, rumfa ta rufto, aka yi ta jan yadi ana neman Kofur a ciki. Malam Dawuda magatakarda, wanda a gaban Armaya'u aka haife shi, ya tashe shi, ya tsinto hularsa ya miƙa masa ta dama. Armaya'u ya kai hannu hagu, ya damƙi iska.

Malam Dawuda ya lura. Sai ya ɗora masa hular da kansa, ya ɗaga murya don jama'a su ji: "Ranar ga ta yamma ko ni kashe man ido takai." Sannan ya rage murya. "Baba Kofur, kai anka sa gobe ka ja gaban ɗiyan makaranta da tuta. Ƙanana na, guje-guje sukai gaban keke. Ni dai ban ga komi ba."

Armaya'u ya tura keken zuwa gida da ƙafa. Ya zauna bakin soro, magariba na gabatowa. Ƙananan jemagun da ke kwana cikin azara suka fara fita, yana jin iskar fikafikansu a kumatunsa. Matarsa Hinde ta kawo buta, ta ajiye daidai inda ta saba, ta ɗan buga ta da ƙasa.

"Hinde, akwai maganar da ban gaya maki ba."

"Wacce, Malam? Ta ido?"

Ya juyo wajen muryarta.

"Tun ranar da ka hana a yi ma jemagun ga hayaƙi nis sani," ta ce. "Kai da ba ka son warinsu. Mi kaka zato yas sa turmi bai ƙara gusawa ba gidan ga? Har wurin ya yi rami."

Ya yi dariya. Ya tuna ranar da ya fara shigowa da keken, baƙi wul yana ƙyalli, Hinde na guɗa, shi kuma yana iya hango tsuntsu a kan kuka tun daga bayan gari.

"Su jemagu sun fi ni," ya ce. "Ba wanda ka ja masu yadi."

"Ba su goyon tutar kowa kuma," in ji ta.

Da safe, kafin makaɗa su hallara, Malam Dawuda ya tarar da keken jingine a zauren ofis, an goge shi har sarƙa. Ya dube shi, ya dubi Armaya'u da ke tsaye da sabuwar sandar gora.

"Baba Kofur, ƙararrawa ba ta nan."

"Tsohon keke na, Malam. Abubuwa kan faɗi."

"Haka na," in ji Malam Dawuda. "Kan faɗi."

Armaya'u ya bi gefen fili, ya shiga lungun mahauta yana dogara sanda. Can sai masu ƙosai suka ji kililin, kililin, daga cikin aljihun rigar Kofur.