Kujerar Gaba da Makin Kawu

"Ni ina da maki, kai kuma za ka samu kilo. Mu yi musaya," in ji Kawu, yana share ƙurar kanta da bayan hannu.

Kawu dillalin kayan gyaran keken ɗinki ne. Ya tsufa yana hawa jirgi zuwa ƙetare saro kaya, kullum a can baya, gwiwa a ƙirji, kamfanin jirgin kuma yana tara masa maki a kan kowace tafiya. Wanda ke zaune gabansa ɗan ƙanwarsa ne, mai shagon labule, wanda 'yan layi ke kira Manaja don ko shara zai yi sai ya ɗaura agogo.

'Yan layin za su je baje koli ƙasar waje, su dawo jirgi ɗaya. Abin da ke cin Manaja a rai shi ne Mai Fenti, maƙwabcin shagonsa. Tun wata tafiya da Manaja ya yi amai a jakar takarda, Mai Fenti ke ba da labarin duk inda mutum uku suka taru. Burin Manaja bai wuce a ranar dawowa ya shiga jirgi ya karya hagu, wajen manya, Mai Fenti yana kallo ba.

"Zan yankar maka kujerar gaba da makina," in ji Kawu. "Masu kujerar gaba ana ƙara musu kilon kaya. Wannan ƙarin nawa ne, akwatunana da ke can za ka ɗauko."

"Kawu, ko keken ɗinkin ne ɗungurungum, a kaina zan ɗora."

"To, amma ka sani, kujerar maki ba kullum ake samunta ba. Sai ka zaga ta wani gari, ka tarar da 'yan layi a babban filin da ake canjin jirgi."

"In dai a gabansu zan shiga, ko ta ina ne."

Suka tafa. Da tikitin ya iso wayarsa, Manaja ya duba layin farko, ya ga an rubuta ajin manya, ya rufe. Bai gangara ƙasa ba.

Daga ranar layi bai huta da cika bakin Manaja ba. Kujera mai zama gado. Tawul mai ɗumi. Cokali na ƙarfe, ba na roba ba. Har ya ce wa Mai Fenti, "In na rage wani abu zan aiko maka baya."

Ranar dawowa ya sha fama da akwatunan Kawu, baƙin ƙarfe zalla, kowanne kamar an cika shi da duwatsu. Ya auna, ya miƙa, farar rigarsa ta jiƙe sharkaf. Amma jirgin farko ya share masa hawaye: kujerar gaba, lemo a kofin gilashi, ana ce masa yallaɓai. Sai dai ƙaramin jirgi ne, ba kowa a ciki da ya san shi, kuma kafin ya gano maɓallin kwantar da kujera an ce a ɗaura bel, za a sauka.

A babban fili ya tarar da 'yan layi a zube kan benci. Ya gaishe su da yatsa biyu. Da aka fara shiga, ya tabbatar Mai Fenti na bayansa, ya taka ƙofar jirgi, ya karya hagu.

"Yallaɓai, in ga katinka," in ji ma'aikaciyar jirgin. Ta duba, ta yi murmushin nan nasu na aiki. "Dama za ka bi, ka miƙe har ƙarshe."

"Baiwar Allah, sake dubawa. Ajin manya ne."

"Wancan jirgin da ka sauka, e. Wannan kam babu kujerar maki a gaba, baya aka ba ka. Ga shi a layi na biyu."

Mutane sun taru a baya, mai tari na yi, mai dariya na yi. Manaja ya juya ya bi dama. Ya yi ta tafiya har ya fara jin warin sabulun bayi. Kujerar tsakiya ce. Na bakin hanya kuwa Mai Fenti, ya riga ya cire takalmi.

"Manaja, sannu da saukowa," in ji shi. "Ina abin da ka rage mana?"

Manaja ya raɓa ya zauna, ya ɗaura bel.

Da jirgi ya daidaita a sama, aka ja labulen da ke raba gaba da baya. Mai Fenti ya zungure shi da gwiwar hannu. "Kai ne masani. Wancan yadin, mai kyau ne ko na banza?" Sannan ya zaro jakar takarda daga aljihun kujera, ya buɗe ta da kyau, ya ajiye masa a cinya.

Da suka iso gida Manaja ya kai akwatuna, ya fara ƙorafi. Kawu ya ce, "Ɗana, kujerar gaba na ce, ka kuwa zauna a kujerar gaba. Ban ce har ina ba."

Kawu ya ci riba: makin nan dama ƙarshen wata za su lalace, ga ƙarafunansa sun iso lafiya. Kamfanin jirgi ya sayar da kujerarsa mai zama gado ga mai biya da kuɗi. Mai Fenti ya samu sabon labari, na amai ya huta. Manaja ne kaɗai ya faɗi, shi da bayansa da har yau yake shafa wa man zafi.