Filin da ke Gefen Folake

Ranar da Adesewa ta iso daga Ibadan ta ce ta zo ta tafi da babanta, ni ce na tare ta a bakin ƙofa, kuma ba zan ɓoye ba, da faɗa na tare ta.

"Ki tafi da wa?" na ce. "Buhun shinkafa ne shi da za ki ɗauka ki jefa a bayan mota?"

Sunana Lami. Ina da injin markaɗe a Tarauni, ni ce kuma shugabar zumuntar mata a 'yar majami'armu da ke lungun bayan kasuwa. Ba mu da yawa. Akwai Yarabawa, akwai Ibo, akwai mu Hausawa da kakanninmu suka karɓi bishara can wajen Sumaila. Baban Adesewa kuwa, Baba Ayo muke ce masa, cikakken sunansa Ayobami. Gyaran keken ɗinki yake yi a Gyadi-Gyadi, shekara arba'in da ɗaya ke nan. Matarsa Folake aminiyata ce, benci ɗaya muka zauna a sujada shekara ashirin da shida, har Ubangiji ya kira ta da daminar bara.

Adesewa a gabana aka haife ta, Hausa kuma a bakinta kamar tawa. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda aka koya mata, sannan ta ce, "Mama Lami, sugansa ya hau. Idonsa ya fara dushewa. Shi kaɗai yake kwana, shi kaɗai yake tashi."

"Shi kaɗai? Mu kuma mun mutu ke nan?"

Baba Ayo yana zaune yana jin mu, yana goge wani tsohon kan keke da tsumma. Ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Ba inda za ni." Yarinyar ta tambayi dalili, ya yi mata shiru. Ta sake tambaya da Yarabanci, ya sake yi mata shiru da Yarabancin. Da ta gaji sai ta juyo gare ni ta ce hutunta kwana uku ne, amma za ta dawo da Ista, sati shida ke nan. In ta same shi lafiya, ta bar mana shi. In ba haka ba, ko yana so ko ba ya so.

Na ce mata ta je ta kwanta da kwanciyar hankali.

A ranar Talatar zumunta na tara mata na raba aiki. Adesewa ta bar takarda: ban da suga, ban da maiƙo, tuwo kaɗan, ganye da yawa. Na karanta sau biyu da Hausa, Oluchi mai sayar da atamfa ta maimaita da Turanci don kada wata ta ce ba ta ji ba. Litinin Oluchi, Talata Safiya matar dattijonmu, haka har Lahadi, kowace da ranarta. Kuma tsakani da Allah, kowace ta bi takardar nan a ranarta, ba wadda ta kauce.

Abin da ya kashe mu shi ne sauran ranakun. Oluchi in ta kai miyar ganyenta ran Litinin, ran Laraba sai tausayi ya kama ta, ta ce ya za a bar tsoho da ganye kamar akuya, ta biya shagonsa da sakwara "'yar kaɗan". Safiya ta biya da waina da zuma. Wata ta biya da lemon kwalba mai sanyi, ai zafi ake yi. Kowace tana ganin ita kaɗai ce ke yin wannan satar, ita kaɗai ke sonsa da gaske. Ni da nake ta hararar mutane ina buga tebur, ni ma duk Alhamis sai na dama kunun gyaɗa na sa suga cokali biyu, kamar yadda Folake take yi masa, na rufe da mayafi na kai.

Shi kuma bawan Allah bai taɓa mayar da kwano da abinci a ciki ba. A wurinmu in aka kawo maka abinci, kwanon zai koma a wanke fes. In ya koma da saura, kafin Lahadi duk zumunta ta ji cewa an ci na wance an bar na wance. Baba Ayo ya san mu sarai. Sai ya zauna ya cinye na kowa don kada ran wata ya ɓaci.

Saura kwana shida Ista, da hantsi, ina tsakiyar markaɗa tattasai, sai ga Malam Mu'azu mai adaidaita sahu, maƙwabcin Baba Ayo, ya faka a guje har yana ture bokitin wata. "Mama, taho! Baba ya faɗi a shago!" Da hannuna jajur da tattasai na shiga bayan keken nan. Shi ya ɗauko tsohon a kafaɗa, shi ya kai mu asibiti, bai ma tsaya rufe shagon ba.

Da Baba Ayo ya farfaɗo, likita ya tambaye shi me ya ci jiya. Ya fara lissafi. Mu biyar muna tsaye a gefen gado. Ya ce sakwara, Oluchi ta sunkuyar da kai. Ya ce waina, Safiya ta kama gyaran ɗankwali. Ya ce shinkafa da soyayyar ayaba, ya ce lemo biyu. Likita ya ajiye biro ya ce, "Baba, biki aka yi a gidanku?" Ni ban shiga lissafin jiya ba don ba Alhamis ba ce, amma kunya ta hana ni yin shiru, na ce, "Akwai kunu ma, likita. Nawa ne."

Adesewa ta iso ran Alhamis. Na shirya ta zage ni, har na tanadi haƙurin da zan ba ta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, "Mama Lami, na san sonsa kuke yi. Son ne zai kashe min shi." Wannan maganar ta fi min mari zafi. Amma tsohon nan daga kan gado, da ruwa a hannunsa, ya sake cewa ba inda za shi.

Muna da al'ada a ikilisiyarmu. Asabar ɗin da ke gaban Ista, da sassafe, dukanmu mukan tafi maƙabarta da tsintsiya da fartanya da bokitin farar ƙasa. Mu share, mu nome, mu shafe kowane kabari ya yi fari tas, har da na waɗanda danginsu suka koma kudu tuntuni ba mai leƙo su. Ba a kuka ranar, waƙa ake yi. Tsohon fastonmu ne ya kafa abin, ya ce mutanen da ke jiran a tashe su ba a barin ciyawa a ƙofarsu. Yara suna karanta sunaye, manya suna ba da labarin kowane, a yi ta dariya. Ko waɗanda ba su cika zuwa sujada ba, wannan ranar ba sa fashi.

An sallami Baba Ayo ran Juma'a da yamma, ran Asabar ya kafe sai ya je. Malam Mu'azu ya kwaso mu, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce zai jira, mu yi a hankali.

Kabarin Folake yana can ƙarshe, jikin katanga. A gefensa akwai fili da aka kewaye da duwatsu huɗu, wanda Baba Ayo ya roƙi dattawa su ajiye masa tun ranar da aka binne ta. Na kifa masa bokiti ya zauna, na kama shafe. Adesewa ta tafi ɗebo ruwa. Muna jin mata can gefe sun ɗauki waƙa, Oluchi tana ja da wannan muryar tata mai kaifi.

"Baba," na ce, "yarinyar nan ba ta yi maka laifi ba. Mu ne muka kasa. Me ya hana ka bin ta?"

Ya dubi kabarin. Sannan ya ce, "Lami, kin san ƙawarki ba ta gane hanya."

Na san wannan kuwa! Satinta na farko a Kano ya aike ta Unguwa Uku sayen manja, sai a Hotoro aka tsinto ta tana kuka, ba Hausa ba manja. Har ta tsufa ba ta taɓa tsallaka titin Zariya ba sai da hannun rigar wani a hannunta. In taro ya yi yawa sai ta daskare wuri ɗaya tana waige-waige.

"Ranar da za a busa ƙaho," ya ce, "kin san taron da za a yi? Duk wanda ya taɓa shan iska a duniya. Ta farka a nan, ta duba gefenta, ba ni. Ina can Ibadan. Wa zai riƙe ta?"

Na buɗe baki na fara abin da kowa zai fara, cewa Wanda zai tashe mu ai ba zai ɓatar da kowa ba, ya san inda kowane nasa yake. Ya ɗaga min hannu. "Na sani. Ni na koya wa 'ya'yanki wannan a makarantar Lahadi. Kaina ya sani, Lami. Nan ne ya ƙi ji." Ya dafa ƙirjinsa.

Na tsaya da burushi a hannu, farar ƙasa tana ɗiga a ƙafata. A nan na gane ni ma ba don shi nake ta wannan faɗan ba. Muddin yana Gyadi-Gyadi, in na biya na ji yana cewa "ƙawarki kaza, ƙawarki kaza", to Folake ba ta gama tafiya ba. Kewarta nake yi, kewa mai ciwo, shi ya sa na riƙe mijinta har na kusa kashe shi da kunu.

Na ce, "Ka ba ni filin."

"Wane fili?"

"Wannan da kake kallo. Ni zan kwanta a nan. Shekara ashirin da shida ina gefenta a benci, wa ya fi ni sanin wurin? Ranar in ta farka, ni za ta gani. In kama hannunta in kawo maka ita har inda kake."

Ya dube ni sama da ƙasa kamar yana duba keken da aka kawo gyara. "Mijinki fa? Ba a ƙauye aka binne shi ba? Na ji 'ya'yanki sun ce kusa da shi za su kai ki."

"Garba? Haba Baba! Garba ko a tsakiyar Kantin Kwari ka jefa shi zai nemo ni, ko don ya tambaye ni ina abincinsa."

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda rabon da in ji tun kafin damina, har da tari. Da ta lafa sai ya ce, "Kina da saurin tafiya. Za ki bar ta a baya."

"Ba zan sake ta ba."

"Kin yi alkawari?"

"A gaban Ubangiji, a gabanta."

Bai yarda da bakina kaɗai ba, tsohon nan. Sai da ya sa aka kirawo fasto da dattijo, ga Adesewa ta dawo da ruwa ta tsaya sororo, ya sa na maimaita a gabansu. Fasto ya buɗe baki kamar zai yi gyara, ya dubi fuskar Baba Ayo, ya rufe bakinsa ya ce mu yi addu'a. Na ce ba a kuka ranar, to ni na karya doka, Adesewa ma ta taya ni.

Ran Lahadi majami'a ta cika har waje. Fasto ya ce, "Yesu ya tashi!" muka amsa, "Lalle ya tashi!" muryar Baba Ayo ta fi ta kowa. Bayan wa'azi ya miƙe da kansa ya yi bankwana, ya ce ya yafe wa zumuntar mata yunƙurin kisan kai. Aka yi ta dariya ana share hawaye. Mata suka so haɗa masa guzuri, na tsaya a ƙofa na ce duk wadda na gani da kwano sai ta gane kurenta.

Talata da safe suka kama hanya. Rabin layin ya fito, teloli, masu shago, Malam Mu'azu yana ta ɗaure kaya a saman mota yana sake kwancewa. Baba Ayo ya shiga gaba, Adesewa ta tada mota. Har sun fara motsi ya sauke gilashi ya yafito ni.

"Lami, ba ta son a tashe ta da ihu. Ke kuwa wannan muryar taki..."

"Baba, ai ba ni zan tashe ta ba. Ni ma tashe ni za a yi."

Ya gyaɗa kai, ya yi murmushi. "To. Sai kun zo."

"Sai mun zo."

Na tsaya har motar ta hau titin Zariya ta ɓace cikin manyan motoci. Ban buɗe injin ba ranar. Na koma gida na zauna a bakin gado, na kira babban ɗana a waya, na ce masa ya saurara da kyau, in lokacina ya yi kada su kai ni ƙauye.