Tarun Baba Shittu

Shekara goma sha ɗaya Mu'azu ɗan Rimawa ya yi yana tuƙa wa ƙasa jirgin ruwa na tsere, irin siririn nan da mutum ke zama ya ba gabansa baya. Mutanen garinmu ba su taɓa daina yi masa dariyar wannan ba. Baba Shittu, ƙanen mahaifinsa da ya koya masa riƙon filafili a madatsar ruwa ta Goronyo, cewa yake bai taɓa ganin mai hankali ya juya wa inda za shi ƙeya ba.

Bana ciwon kafaɗa ya zaunar da Mu'azu wata biyar a gida. Da ya warke, mai horar da 'yan tseren ƙasa ya biyo shi har Goronyo da jirgin a saman mota da agogo a wuya. Magana ɗaya ce: kilomita biyu cikin lokacin da aka yanka, ko a ba wani gurbinsa. Mai shekara talatin da huɗu ba a yi masa gwaji sau biyu.

Da hantsi ruwa ya kwanta lumui. Muna bakin gaɓa muna kallo, ya wuce rabi, jirgin na tafiya sumul. Sai muka ga ya cije. Ashe Baba Shittu ya shimfiɗa tarunsa na kamun kifi tun asuba, babu wanda ya tuna ya gaya wa Mu'azu, ƙarfen ƙasan jirgin kuwa ya sarƙe a tarun.

Bugu biyu masu ƙarfi da filafili sun isa su tsinka zaren, kowa ya san haka. Amma a ruwan nan ba a keta tarun wani, ko na maƙiyinka ne. Mu'azu ya saki filafilan, ya sunkuya, ya shiga warware zaren a hankali. Mai horarwa ya yi ta ɗaga murya, daga baya ya kashe agogonsa. Ni dai raina ya ɓaci ƙwarai, har na kasa kallo.

Da ya fito, Baba Shittu na tsaye, idonsa ya yi ja.

"Mi ya hana ka tsinka shi, ɗana? Kwana biyu ya ishe ni in ɗumke abina."

Mu'azu ya dubi tafin hannunsa.

"Na sani, Baba. Na so in tsinka. Hannun ne ya ƙiya."