Tsutsar Cikin Furen Dayi

Auta tana tashar mota da yamma wayarta ta yi ƙara. Yayarta ce.

"Ke, 'ya'yanki sun fito! Wasu har sun sulale ta ƙarƙashin yadin. Ga Baba can yana neman gwangwanin feshi."

Kafin ta buɗe baki, caji ya ƙare. Innalillahi!

'Ya'yan nata ba mutane ba ne. Kawunan furen dayi ne, ciyawar nan mai ƙaya, ta tsinko ta zuba a kwalabe ta ɗaure bakinsu da farin yadi. Cikin kowane kumburin fure akwai 'yar tsutsa kwance, wadda in ta ƙosa take zama ƙwaro ɗan firit, sak sauro amma ba ya cizo. A kansu take binciken kammala karatunta, kuma malaminta ya ce rayayyu yake so. In suka mutu, sai furen baɗi, ita ma sai baɗi.

Shi kuwa Baba, tsakaninsa da sauro ba sulhu. Ko hotonsa ya gani sai ya yi feshi. Kullum mitarsa ke nan: "Na kai yarinya jami'a, ta dawo mini da ciyawa a kwalba."

Motar ta yi ta jan ciki, direba yana tsayawa ɗaukar kowane mai ɗaga hannu. Auta ta rasa inda za ta sa ranta, tsoro ya cika ta.

Tun daga bakin ƙofa warin maganin ya doke ta. Ta faɗa ɗakinta da takalmi. Teburin wayam, ba kwalba ko ɗaya.

"Auta! Zo nan, ki rufo ƙofa maza."

Daga ɗakin Baba muryar ta fito. Nan kaɗai ba wari. Kwalaben suna jere a kan gadonsa, 'yan ƙwarin suna yawo a ƙasan yadi, da ransu. Baba yana zaune a kujera, damtsensa duk ruɗu-ruɗu da cizon sauro, wani ƙaton sauro ya kafa baki a wuyan hannunsa yana sha.

"Baba, ku kashe shi mana!"

Bai motsa ba.

"Ina na san naki, ina na san sauron gari? Idona bai kai ba. Zo ki duba mini wannan tukuna."