Toka a Ƙarƙashin Baƙi

A Tungar Barau, wani ƙauye na ƙasar Maradun da yanzu yake kwance a ƙarƙashin ruwan madatsar Bakolori, an yi wata mata Hindu wadda aka sani da kajinta. Ba yawa ne da su ba. Launinsu ne abin kallo: ruwan toka sak, mai ɗan shuɗi-shuɗi, irin tokar da ake kwashewa a murhu da safe, babu ɗigon baƙi ko ja tun daga wuya har wutsiya. Mutane kan tsaya a bakin darninta su yi ta dubawa. Wurin mahaifiyarta, Inna Nagode, ta gaji irin, ita kuma Nagode ta taho da shi daga gidan ubanta a Janbako.

Ba kajin kaɗai ta gada ba, har da sanin yadda ake riƙe launin. In aka haɗa toka da toka, toka za a samu. Amma in aka yi ta yin haka shekara uku ko huɗu, sai gashin ya fara karairayewa, 'yan tsakin su riƙa fitowa ba ƙarfi. To, a nan sai a nemo baƙin zakara lafiyayye daga wani gari a haɗa. 'Ya'yan duk za su fito baƙaƙe wuluk, wanda bai sani ba ya ce an yi asarar iri. Alhali tokar tana nan kwance a ƙarƙashin baƙin. In aka haɗa waɗannan baƙaƙen a junansu, cikin kowane huɗu akan sami ɗaya ya fito toka, kuma da ƙarfinsa. Don kada masu ɗauke da tokar su ɓace cikin sauran baƙaƙen kajin gari, Hindu takan sa reza ta datse musu farcen baya na ƙafar hagu tun suna tsaki.

Mijinta Mamuda bai taɓa gane wannan lissafi ba, bai kuma fasa tsokanarta ba.

"Uwar kaji," yakan ce, "ni dai duk wadda aka sa wa yaji da gishiri, launinta guda ne."

"Shi ya sa ba a ba ka riƙon akurki ba, Malam," takan amsa. "Tukunya aka ba ka."

Shekarar da aka ce su tashi don ruwa zai taho, ta same ta a tsakiyar aikin. Ta riga ta kawo baƙin jini, tsofaffin tokar sun ƙare, saura zakara ɗaya tak mai furfurar tsufa, sai baƙaƙe uku masu datsattsen farce: ɗan zakara ɗaya da sagaru biyu. Ranar tashi aka loda su a babbar mota, mutane da tukwane da awaki, rana tsaka. Hindu ta rungume kwandon kajin a cinyarta, ta lulluɓe shi da zane mai jiƙe. Kafin su isa zanen ya bushe ƙarau. Da ta buɗe, tsohon zakaran ya miƙe ƙafafu. Ko yanka ba a samu yi ba.

Ta daɗe tana shafa gashinsa. Daga ranar babu sauran kaza mai launin toka da ido zai gani a duk inda ta sani. Abin da ya rage yana ɓoye cikin baƙaƙen nan uku.

Sabon wurin tudu ne, fako da tsakuwa. An jera ɗakuna masu rufin kwano, kowane na kallon ɗan'uwansa, babu darni, babu zana. Darni da kara ake yi, kara kuwa sai an yi noma, gonakin da aka ce za a ba su har yanzu ba a nuna musu ba. Ruwa ya cinye garinsu, amma a nan tulu ɗaya sai mace ta yi tafiyar hantsi. Kajin mutane duk suka cakuɗe a fili, na wannan gida da na wancan, kowane zakara na bin kazar da ya ga dama.

Wannan shi ne abin da ya hana Hindu sukuni. Maƙwabciyarta Hauwa'u tana da wani jan zakara ƙato, mai faɗa, wanda ba ya barin kaza ta wuce. In ya taka sagarun Hindu sau ɗaya, ƙwan makonni biyu sun ɓaci. Don haka ta mayar da kajin cikin ɗakin kwanansu, ta kife su da kwando a bayan randa. Sai da yamma take fitar da su su ɗan yi tono, tana tsaye a kansu da sanda. Duk da haka wata rana ta juya ta amsa gaisuwa, shirwa ta sauko ta ɗauke sagara ɗaya a gaban idonta. Saura biyu, mace da namiji.

"Yaya Hindu, mi ya yi zahi haka?" in ji Hauwa'u. "Baƙar kaza ce fa, awa ta kowa. Ki sake su su sha iska."

"Ba awa ta kowa ba ce."

"To ni dai baƙi nike gani."

"Ni ma shi nike gani," in ji Hindu. "Amma na san abin da ke ƙasa."

Da bazara ta kama, magana ta yi zafi. Manoman Bakura da na Talata Mafara, waɗanda aka bi gonakinsu da manyan motoci aka baje, sun je sun zauna a kan hanyar madatsa sun ce ba za su tashi ba. Mutanen tudu ma suka ce za su je. Mamuda ya ɗaura ɗan buhunsa da safe, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Zama kawai za mu yi a gan mu," ya ce. "Ki kula da sarakunanki na bayan randa."

"Allah shi kiyaye hanya, Malam."

Kwana huɗu babu labari. A na biyar, wajen azahar, sai ga Gidaɗo, wani Bafillace abokin Mamuda tun suna ƙauye, yana jan jaki. Mamuda na kife a kan jakin, ƙafarsa ta dama ɗaure da rawani wanda ya rine da jini. Gidaɗo ya ce masu kaki sun zo da safe, an yi harbi wajen Birnin Tudu, mutane sun watse cikin daji. Ya bi da shi ta bayan gari, don an ce duk wanda aka gani da rauni kama shi ake yi. Saboda haka maganar asibiti ba ta taso ba.

Aka kwantar da shi a kan tabarma, kusa da kwandon kajin. Aka kira mai magani ya wanke ciwon, ya sa garin saiwa. Mamuda ya ƙi cin komai. Kunu ya dawo, fura ta dawo. A kwana na uku Gidaɗo ya tsuguna a bakin ƙofa, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mai jiki, sannan ya shiga zanen ƙasa da tsinke.

"Inna Hindu," ya ce, "jini ya zuba da yawa. Romo shika so. Na zagaya gari, tun da aka yi abin nan kowa ya yanka nashi ko ya ɓoye. Hauwa'u ta ce zakaranta na mijinta ne, shi ko ba a san inda ya shiga ba."

Bai dubi kwandon ba. Ita ma ba ta duba ba.

Ta yi lissafi a ranta, yadda Inna Nagode ta koya mata. Sagarar ta fara jan fuska, tana kusa da fara ƙwai, ita ba abin yankawa ba ce. Zakaran ya taka ta jiya, ya taka ta yau da safe. Kaza takan riƙe abin zakara kwana goma ko fiye. Ƙwan da za ta yi cikin kwanakin nan nasa ne. Bayan su, babu wani.

Mamuda ya buɗe ido. Ashe yana ji.

"Kada ki taɓa shi," ya ce da ƙyar. "Tun tasowarmu kina gadinshi."

"Kai ka ce duk launinsu guda ne in an sa yaji."

"Wasa nike."

"Ni ba wasa nike ba. Gidaɗo, ga wuƙa nan bisa randa."

Ita ta riƙe ƙafafun da fikafikan, Gidaɗo ya yi bisimilla. Da ta zo fige shi, ta ga datsattsen farcen a ƙafar hagu, ta yi sauri ta jefa ƙafar cikin tukunya. Mamuda ya sha romon, cokali shida, bai dawo ba. Kashegari ya ƙara. Har ya zauna ya jingina da bango, ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Sagarar ta yi ƙwai bakwai cikin kwana tara, sannan ta kwanta a kansu. Hindu ta gyara mata gurbi da yashi a kaskon tsohuwar tukunya. Ɗakin kwano da rana kamar tanda yake, ga bazara ta kai maƙura. Ta san abin da za ta yi: in kwanci ya kai kwana goma sha takwas, sai a riƙa yayyafa wa ƙwan ruwa mai ɗumi safe da yamma, don ɓawon ya yi laushi, ɗan tsako ya iya fasawa. Tana ƙirga kwanakin da ƙwayar tsakuwa a gefen taga.

Amma sauƙin Mamuda bai ɗore ba. Ƙafar ta kumbura har cinya, ta canza launi, zazzaɓi ya riƙa kaɗa shi. Ya daina tsokana. Ranar da ta ajiye tsakuwa ta goma sha takwas, da hantsi, ya kira ta da sunanta, abin da ya daɗe bai yi ba, ya ce ta juya shi ya fuskanci gabas. Kafin azahar ya cika.

Ruwan da ke randa duka aka kwashe aka yi masa wanka, har aka roƙo tulu biyu a maƙwabta. Maza kaɗan ne a gari, su suka ɗauke shi. Mata suka cika ɗakin da ƙofarsa kwana uku, ana shigowa ana gaisuwa, Hindu na zaune a lulluɓe tana amsawa. Ba ta tuna da ƙwan ba. Ko da ta tuna, babu ruwan.

Da safiyar kwana na huɗu ta ji ɗan kuka siriri a bayan randa. Ta rarrafa ta ɗaga kazar. Tsaki biyar, sun bushe, suna rawar sanyi. Ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ta kai bakin ƙofa wurin haske. Baƙi. Baƙi. Baƙi. Na huɗu da na biyar ma haka.

Saura ƙwai biyu a gurbi. Ta bar su har la'asar, ta kara a kunne, shiru. Ta fasa na farko a bayan ɗaki, baragurbi ne. Na biyun yana da ɗan tsagu a gefe, inda aka fara bugawa daga ciki aka kasa. Ta ɓare shi a hankali da farce. Fatar ciki ta bushe ta manne kamar takarda. Ɗan tsakon ya cika halitta, bakinsa na daidai wurin tsagun, a mace. Ta tofa ɗan yawu a yatsa ta shafa bayansa, ta hura. Gashin ya tashi. Toka ne, sak, irin na Inna Nagode.

Hauwa'u ta shigo da ƙwaryar kunu ta same ta a tsugune.

"Yaya, mi kika samu?"

Hindu ta buɗe tafin hannunta.

Hauwa'u ta ajiye ƙwaryar, ta duba da kyau. "Ashe da gaske kike," ta ce a hankali. "Daga baƙi da baƙi."

"Daga baƙi da baƙi."

Ta tona rami da wuƙa a gindin bango, inda ƙasar ba ta cika tauri ba, ta rufe shi. Sannan ta koma ɗaki ta ɗauko rezarta daga cikin ƙullin zane, ta zauna, ta tara tsakin biyar a cinyarta. Hauwa'u ta zauna kusa da ita.

"Waɗanga fa? Su ma akwai tokar cikinsu?"

"Wasu akwai, wasu babu."

"Wane da wane?"

Hindu ta ɗaga na farko, ta juya ƙafarsa ta hagu, ta dubi ɗan farcen. A da, duk wanda ta datse ta san abin da ke cikinsa, don ta san uwarsa toka ce. Waɗannan kuwa uwa baƙa, uba baƙi, kowannensu zai iya ɗaukowa, zai iya fitowa wayam. Sai an raine su, an tsare su daga zakarun gari, an haɗa, an jira, shekara guda ko biyu, a ɗakin da babu darni, ita kuma tana cikin takaba, ko gara ba ta iya fita ta tono musu.

"Ban sani ba," ta ce.

Ta mayar da rezar cikin ƙullin zane ba ta datsi ko ɗaya ba. Jan zakaran Hauwa'u ya zo bakin ƙofa, ya leƙo da kai gefe guda, yana kallon kazar. Hindu ta tura tsakin ƙarƙashin uwarsu, ta kife kwandon, ta ɗora dutse a kai, ta jawo sandarta kusa.