Tubalin Kwalin Ashana

Mudi na cikin goge gilashin motarsa a ƙofar gida ya ji kukan ya sake tashi daga gidan maƙwabcinsa. Ba kukan yaro ba ne, ba kuma na mace ba. Wani gurnani ne mai kauri, na mutumin da harshensa ya mutu a baki alhali hankalinsa na nan. Ya yar da tsumman, ya yi sallama a zaure, bai jira an amsa ba ya faɗa ciki.

Namadi na kwance kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, ya ɗaga hannun hagu, wanda shi kaɗai ya rage masa mai motsi, yana kai wa iska duka. Yayansa Mamuda, da ya iso daga Sakajiki da safen nan, yana tsaye a kansa, takalminsa duk laka. A gabansu ɗan ginin lakar da Namadi ya yi ya zama burbushi, Mamuda ya tattake shi.

"Mi ya yi zahi haka, Mamuda?" in ji Mudi.

"Kai ma kallo kakai, Mudi? Mutum da gemunai, uban ɗiya, shina wasan ƙasa kamar ɗan yaye, ku ko kun zuba mai ido! Wanga ba ciwon asibiti ba ne. Taɓa shi anka yi."

Lauratu, matar Namadi, tana durƙushe tana tsince ƙananan tubalan da ba su fashe ba tana zubawa a ƙwarya. Ba ta ɗago ba, amma Mudi ya ga hawayenta na ɗiga a ƙasa.

Namadi magini ne, kuma duk unguwar babu wanda bai taɓa shan inuwar katangar da ya ɗora ba. Da aka ba Zamfara jiha, gine-gine suka ɓarke a Gusau, ya bi ayarin magina can, yana zuwa gida jefi-jefi. A can ne wata rana yana kan tsani da bulo a hannu ya sulale ƙasa. Likita ya ce hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin dama, ya tafi da magana. Aka dawo da shi Ƙaura ana gab da shuka.

Tun da ruwa ya zauna ya ɓullo da wannan abu. Sai ya ja jiki zuwa gindin randa, ya kwashi laka, ya danna a kwalin ashana, ya juye, ya jera a rana. In sun bushe ya hau gini. Da farko Lauratu ta ƙyale shi, ta ce ko ba komai yana rage masa zaman kaɗaici. Amma sai ya daina cin abinci in ba a bar shi da lakarsa ba, matan unguwa kuma suka fara shigowa dubiya suna fita da labari. Labarin ne ya kai Sakajiki ya taso Mamuda.

"Akwai mai ruƙiyya a Zurmi," in ji Mamuda. "Ka tada mota yanzu."

Mudi ya dubi abokinsa. Idanun Namadi sun kafe a kansa, suna roƙon wani abu da ya kasa ganewa. Ya kawar da kai.

Tare suka taso a Sakajiki, kuma shi ne mutumin farko da ya taɓa riƙe wa Namadi kwalin ashana. In ruwa ya ɗauke sai su gangara bakin fadama, su buga tubali, su gina tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura wadda ba su taɓa gani ba sai a bakin manya. Katanga ta karkace, ƙofa ta fi ɗaki girma, babu ruwansu. Da yamma kuma, kafin a kira su cin tuwo, su ja da baya su sheƙo a guje su tattake abinsu suna ƙyalƙyata dariya. Namadi ne kullum ke fara kai ƙafa.

Da suka girma abin ya sake. Mudi ya taɓa tarar da shi ya buga wa 'ya'yansa mata, Bilkisu da Amatullahi, irin tubalan nan don su yi wasa. Ba a jima ba ya karɓe ginin. "Ba haka aka ɗora shi ba, ku kauce." Ya ɗauko zare yana gwada miƙewar katanga. Yaran suka gaji suka tafi wajen 'yar tsanarsu, suka bar uban shi kaɗai a tsugune, ya haɗe gira kamar an ba shi kwangila.

Suka kinkimi Namadi zuwa bayan fijo. A shekarun nan da aka fara Shari'a masu ruƙiyya sun yawaita, kuma wannan na Zurmi ya yi suna, don haka sai da suka yi jira a rumfa cikin mutane. Malamin ya dafa goshin Namadi ya yi karatu mai tsawo, ya tsaya, ya dubi idonsa, ya sake yi. Sannan ya janye hannunsa.

"Ku ji tsoron Allah, kada ku wahal da bawan Allah wanga da yawo. Babu aljani a jikinai. Hankalinai ya hi na wasunmu. Ku maishe shi gida, ku yi ta yi mai addu'a."

Suka kamo hanyar gida. Sun wuce rabin tafiya hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Namadi na ganinsa ta taga ya birkice. Ya riƙa dukan ƙofar mota da hannun hagu, yana gurnani, miyau na zuba kan rigarsa. Mamuda ya danne shi yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Mudi ya taka mota, yana ji kamar shi ake wa wannan dukan. Iska ta kwashe hadarin ta yi Shinkafi da shi, ko ɗigo bai sauka a Ƙaura ba. Sai a lokacin Namadi ya lafa, ya yi laushi kamar tsumma.

Washegari Mudi bai fita lodi ba. Ya shiga gidan da hantsi ya tarar da kokon safe a ajiye, ƙudaje na bin bakin kwanon.

"Ya ƙi sha, Baban Hannatu," in ji Lauratu, tana kiran Mudi da sunan 'yarsa. "Tun jiya ko ruwa. Ni ban san inda zan sa kaina ba."

"Ina tubalan da kinka tsince?"

Ta dube shi da mamaki, ta ɗauko ƙwaryar. Mudi ya naɗe hannun riga ya zauna a ƙasa gaban tabarma, mutum mai furfura a gemu.

"To, magini, ga lebura ya zo. Nuna mani."

Hannun Namadi na rawa, don haka Mudi ne ke ɗorawa, shi kuma yana nuni da yatsa. In an sa daidai ya lumshe ido, in an kauce ya buga ƙasa. A hankali abu ya fara fitowa. Ga zaure. Ga ɗan madafi a gefe. Ga ɗakin da Namadi ke kwance a ƙofarsa. Mudi ya gane gidan ne da suke zaune a ciki. Daga ƙarshe suka ɗora doguwar katangar baya, da ɗakin 'yan matan a jingine da ita. Namadi ya lalubo tsinke biyu ya kwantar a cikin ɗakin.

Sannan ya jawo buta. Ya karkata ta a bayan katangar, daga waje, ruwa na zuba siriri a gindinta. Tubalan ƙasa suka jiƙe, suka yi baƙi, suka narke. Katangar ta yi ciki ta rufta kan ɗakin.

Mudi ya yi dariya, har da tafa hannu, don daɗin ganin abokinsa ya tuna da ƙuruciyarsu. "Kai, Namadi! Har yau kai ka hwara rushewa?"

Hannun hagun nan ya sauka a ƙirjinsa da ƙarfin da bai zaci ya rage ba. Namadi na kuka, kuka sosai, bakinsa a karkace. Ya tona lakar da yatsa ya zaro tsinkayen nan biyu ya ɗaga su a fuskar Mudi, sannan ya nuna ɗakin 'ya'yansa na gaske.

Dariyar ta mutu a bakin Mudi. Daga inda Namadi ke kwance ana hango cikin ɗakin, kuma da Mudi ya sunkuya daidai kansa sai ya ga abin da mai kwance ya daɗe yana kallo: wata tsaga ta taso daga kusurwa ta yi sama, ƙasan bangon kuma ya yi duhun danshi.

"Lauratu, ƙohwar ɗakin ga tana ruhuwa?"

"Ta kwana biyu ba ta shiga. Na ce ko damina ce ta kumbura ta."

Ya fita a guje ba takalmi, ya zagaya ta lungu. Gidan da ke bayansu an sake shi da bulo a bara, an ɗora kwano, kuma duk ruwan rufin a lungun yake sauka, ya bi gindin katangar Namadi. Ciyawa ta rufe wurin. Mudi ya yaye ta ya tura hannu. Hannun ya shige har gwiwa, ƙasar na marmashewa kamar dambu.

Kafin azahar an kwashe ɗakin. Kulsumu, matar Mudi, ta ja yaran zuwa nata ɗakin, aka shimfiɗa wa Namadi a zauren Mudi. Ya karɓi koko ya sha kaɗan. Da la'asar ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya daɗe yana zuba. Da ya ɗauke aka leƙa. Katanga na nan tsaye.

"To, ga ta nan," in ji Mamuda. "Kun tada gida kan wasan ƙasa."

Mudi ya nemo magina biyu su yi mata gyara. Suka duba suka girgiza kai, suka ce laka ba ta kama laka cikin wannan ruwa, a bari sai kaka. Aka sake ruwa, aka sake, katanga ba ta faɗi ba. Jikin Namadi kuwa ya ci gaba da zubewa. Tari ya kama shi, ƙirjinsa na ƙara kamar ana jan zarto. Duk sanda Mudi ya shigo zaure sai idanun nan su tare shi da tambaya ɗaya, ta katangar nan.

Wata safiya Lauratu ta tsaya daga bayan labulen zaure ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baban Hannatu, mun yi muku nauyi. Ɗaki guda, ga naku ɗiya ga nawa. Tunda Allah ya tsare, yau zan maida yaran ɗakinsu."

"Wa ya ce kun yi nauyi?"

"Ba sai an ce ba."

Namadi ya ji. Ya yunƙura zai tashi, ya faɗo daga kan katifa, fuskarsa ta bugi ƙasa. Mudi ya ɗago shi. Ba shi da sauran ƙarfin gurnani, sai dai ya cafki wuyan rigar Mudi ya riƙe, numfashinsa na fita da ƙyar, idanunsa sun yi jawur. Mudi ya san Lauratu. In ba yau ba, gobe yana kan hanyar Shinkafi za ta mayar da su, don kunya.

Ya ɓamɓare yatsun daga rigarsa ɗaya bayan ɗaya, ya kwantar da shi. Ya shiga gida ya ɗauko diga.

"Kowa ya hita daga gidan ga!" ya faɗa da ƙarfi. "Lauratu, riƙe yaranki!"

Mamuda ya biyo shi lungu yana faɗa. "Ka haukace? Katangar da ya ɗora da hannunai shekarar da ya yi aure! Wa zai tada musu wata?"

Mudi ya gyara riƙon digar. Shi ya san wannan katanga fiye da Mamuda, don shi ya riƙa miƙa wa Namadi tubalinta. Ya yi bisimilla ya kai sara a gindi. Digar ta nutse ba tare da ƙara ba. Ya sake kai wani, ya ja da baya, ya sa kafaɗa ya tura. Bai ma gama sa ƙarfinsa ba ta tafi. Ta yi ciki gaba ɗayanta, ta danne ɗakin, azara ta kakkarye, rufin ƙasa ya zubo daidai inda gadon yaran yake a da. Mamuda ya tsaya baki buɗe, sannan ya tsuguna ya dafe kai yana salati.

Mudi ya koma zaure, jikinsa duk jar ƙasa. Ya durƙusa kusa da kunnen abokinsa.

"Na kada ta, Namadi. Babu mai sake kwana ciki. In kaka ta yi, ni da Mamuda za mu tada wata. Za ta karkace dai, sai ka yi haƙuri da mu."

Gefen bakin Namadi mai rai ya motsa kaɗan. Ya saki jiki, ya yi barcin da rabonsa da irinsa tun farkon damina. Bai ƙara shan komai ba. Ranar Alhamis da hantsi, Mudi na riƙe da hannunsa yana maimaita masa kalmar shahada, numfashin ya tsaya.

Bayan an dawo daga maƙabarta mutane suka zazzauna a tabarmi ƙofar gida ana karɓar gaisuwa. Mudi ya kasa zama. Ya tashi kamar mai zuwa alwala, ya bi ta lungu.

Gidan a buɗe yake ta baya, kowa ya wuce sai ya ga tsakar gida. Bango ɗaya na ɗakin ya tsira, rana na haska shi. A jikinsa, daidai tsayin yaro, akwai zanen gawayi: mota mai ƙafa uku, da wata mace mai ƙaton ɗankwali. Wata kaza ta hau kan tarin ƙasar da 'yan tsakinta, tana tono tana kiransu.